Tambayoyi da amsoshi kan aikin kocin bugu a wasan besbol

Jama'a da dama idan suka ji ance wani aikinsa kocin bugu ne a besbol sai suyi dariya, wai kato ya tashi ya saka kayan kulob aikinsa kawai koyawa wasu kattin yanda zasu daki kwallo da sanda kuma a biyashi da dala. Toh aikin dai akwai shi, kuma yana cikin ayyukan da suka fi saurin cin mai su a harkar wasanni a Amurka. Ga tambayoyin da aka fi yi akai.

Wai shi kocin bugun nan meye ainihin aikinsa?

A besbol mutum daya ne yake jifa, daya yana tsaye da sanda yana jiran ya daka, idan ya daka kwallon ta fadi inda ba'a cafe ba sai ya ruga tasha ta farko, tashoshi hudu ne idan ya zagayo ya dawo gida anci maki daya. Idan ya narka mata duka ta tsallake katangar fili gaba daya shine hom ron. A babbar gasar Amurka wato MLB kulob 30 ne, kowanne yana rike da 'yan wasa 26, kuma yawanci 13 masu jifa ne 13 masu bugu. Wadannan 13 din sune amanar kocin bugu. Shi yake kallon tsayuwarsu da rikon sandarsu da lokacin da suke daga kafa, shi yake nazarin mai jifan da za'a hadu dashi yau ya fada masu irin kwallon da yake so ya jefa idan ya shiga matsi, shi kuma yake zama da wanda abun ya kwace masa har ya fara zargin kansa. Ba shi yake fitar da sunayen wadanda zasu buga ba, wannan hurumin manaja ne wato babban koci, saidai ana jin shawararsa.

Meye abun wahala a dukan kwallo da har sai an dauki koci na musamman?

Malam tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18 ne da 'yan kai, kuma kwallon tana zuwa da gudun da ya kai kilomita 150 a awa daya, wasu ma sun haura 160, kenan kasa da rabin dakika ta iso. A cikin wannan dan lokacin zaka gane wacce iri ce, mikakkiya ce ko mai lankwasa ko wacce take zuwa kamar da sauri amma a hankali take tafe, ka gane zata shigo ta inda alkali zai kirga maka ita ko zata fita, sannan ka yanke hukuncin kai duka ko bari. Kwallo zagayayya sanda ma zagayayya.

Shi yasa lissafin wasan yake da ban mamaki ga wanda bai saba ba. Wanda yake samun bugu mai kyau sau 3 cikin 10, abinda suke rubutawa .300, tauraro ne. Na karshe da ya kai .400 a kaka guda a manyan lig biyu na MLB, wato American da National, shine Ted Williams, yayi .406 a 1941, tun daga nan George Brett ya kai .390 a 1980, Tony Gwynn ya kai .394 a 1994, babu wanda ya taba layin. A 2024 matsakaicin gasar gaba daya .243 ne. Kaga kenan kocin bugu yana aiki ne da mutanen da ko gwaninsu faduwarsa tafi nasararsa yawa ninki biyu, kuma kullum ake buga wasan.

Dole sai mutum ya taba zama shahararren dan wasa?

Ko kadan. Hasalima idan ka jera sunayen da akafi girmamawa a sana'ar zakaga yawancinsu basu yi wani abun azo a gani ba da sanda a hannunsu. Charley Lau wanda har yau ake kiran sunansa, matsakaicin dan wasa ne da ya kare da .255, amma shine ya kama George Brett a Kansas City Royals a 1974 lokacin yaron yana ta fama ya sauya masa salo, Brett ya kare rayuwar wasansa da bugu 3,154. Almajirin Lau wato Walt Hriniak ko wasa 50 bai buga a MLB ba, amma shine yayi aiki da Wade Boggs a Boston sannan Frank Thomas a Chicago White Sox. Rudy Jaramillo bai taba taka MLB a matsayin dan wasa ba, ya rike kujerar kocin bugu a Texas Rangers daga 1995 zuwa 2009. Kevin Long shima a kananan lig ya kare, wato gasannin da suke kasa da MLB.

Wanda yafi bada mamaki shine Robert Van Scoyoc. Wannan ko wasan kwararru bai taba bugawa ba, a karamar kwaleji ya tsaya, ya koma koyarwa a kejin haya, wato wurin atisayen bugu da aka kewaye da raga, karkashin wani dattijo Craig Wallenbrock a California, kawai sai Los Angeles Dodgers suka bashi kocin bugu a karshen 2018 yana da shekara 32. Tsofaffin 'yan wasa sunyi ta gunaguni a lokacin, daga baya Dodgers suka ci World Series, wato karawar karshe ta cin kofin MLB, a 2020 da 2024 yana kan kujerar sai surutun ya ragu.

Toh su taurarin fa, me yasa basa dadewa a aikin?

Wasu suna dadewa. Mark McGwire ya rike St. Louis Cardinals daga 2010 zuwa 2012 har suka ci kofi a 2011, ya wuce Dodgers yayi shekara uku. Edgar Martinez yayi a Seattle daga 2015 zuwa 2018 kuma suka sake dawo dashi a 2024. Amma dubi Barry Bonds, mutumin da yafi kowa hom ron a tarihin MLB da 762, kaka daya tak yayi a Miami Marlins a 2016 aka sallameshi. Shi kanshi George Brett da aka roka ya karbi aikin a Royals a 2013, wata biyu bai cika ba ya ajiye.

A ganina abu biyu ne. Na farko wanda Allah ya bashi baiwa sau da yawa jikinsa ne ya san abun ba bakinsa ba, idonsa yana ganin juyawar kwallo tun daga hannun mai jifa, sai yace da yaro ai kawai ka jira ta ka daka, yaron kuma ba haka idonsa yake gani ba. Shi kuwa wanda ya sha wuya a kananan lig ya gwada salo goma duk basu fisshe shi ba, ya san sunan kowace matsala domin duk ta taba kama shi. Na biyu kuma aikin bauta ne wallahi, wanda ya tara miliyoyin dala yana da gida a bakin ruwa da wuya ya yarda ya rika shiga keji tun azahar yana dora wa yaro dan shekara 23 kwallo akan tsayayyar sandar atisaye har dare, wata bakwai a jere.

Ta ina ake farawa?

Tsohuwar hanya itace ka buga a kananan lig har kaga babu gaba, shekara 28 ko 30 kulob yace maka ga aikin koci a kasa. Tun 2021 kananan lig din da suke karkashin MLB kungiyoyi 120 ne a mataki hudu, Single-A da High-A da Double-A da Triple-A, kasansu kuma akwai lig din sabbin dauka a Arizona da Florida da na Jamhuriyar Dominika inda duk kulob 30 suke da makarantar horar da yara. Kowace kungiya a cikinsu tana bukatar kocin bugu, sannan akwai mai kula dasu duka wanda yake yawo daga gari zuwa gari yana tabbatar da cewa abinda ake koyarwa a kasa shine ake so a sama. Tafiyar bas ce ta awanni, kananan garuruwa, otal mai arha, iyali suna can wata jihar.

Sabuwar hanya kuma ta bude ne wajen shekara goma da suka wuce, kulob suka fara dauko mutane daga jami'o'i da cibiyoyi masu zaman kansu irin Driveline dake jihar Washington, har da wadanda a intanet aka fara saninsu suna saka bidiyon nazarin bugu. Babu wani lasisi guda da dole sai kana dashi kamar yanda muka sani a kwallon kafa, abinda ake dubawa shine ko ka iya gyara dan wasa kuma ko zaka iya kare abinda ka fada da alkaluma. Sannan duk wanda yaji Sifaniyanci yana gaban wanda baiji ba, domin fiye da kashi daya cikin hudu na 'yan wasan MLB a wajen Amurka aka haifesu, mafi yawa daga Dominika da Benezuwela da Kyuba.

Yaya ranar aikinsa take tafiya?

Wasa 162 ake bugawa a kaka daga karshen Maris zuwa karshen Satumba, 81 a gida 81 a waje, banda atisayen share fage da ake farawa tun Fabrairu a Arizona ko Florida. Idan wasan karfe 7 na yamma ne shi tun wajen tsakar rana yana filin, ya zauna gaban kwamfuta da masu nazari suna kallon mai jifan yau, meye yake jefawa na hannun dama meye na hannun hagu, ko yana da wata alama da yake yi ba tare da ya sani ba kafin ya jefa wata kwallo, misali yanda yake bude safar hannunsa. Daga nan 'yan wasa su fara shigowa keji daya bayan daya, kowa da al'adarsa, wani sai an dora masa kwallo akan tsayayyar sanda ya daka sau kaza, wani a rika cillo masa a hankali daga kusa, wani na'ura yake so da cikakken gudu, kuma kada ka kuskura ka sauya wa mutum tsarinsa ranar da yake ganin yana kan sa'a. Sai taron masu bugu na 'yan mintuna, sai atisaye a fili, sai wasa.

Ana cikin wasa yana benci da iPad, duk wanda aka fitar ya dawo zai iya zuwa ya duba bidiyon abinda ya faru yanzu yanzu. Nan ma akwai tarihi, bayan da asirin Houston Astros ya tonu a karshen 2019 cewa a 2017 suna amfani da kyamara suna satar alamun da abokan karawa suke yiwa mai jifansu da yatsu kan irin kwallon da zai jefa, suna buga kwandon shara don sanar da mai bugu abinda ke tafe, an hana kallon bidiyo ana cikin wasa a 2020, aka dawo dashi a 2021 amma ana rufe alamun. An tashi wasa wajen 10 na dare, wanda bai samu komai ba yau zai iya cewa koci mu koma keji, kuma komawa za'ayi.

Akwai hanya guda daya da ta fi dacewa a daki kwallo?

Nan ne rigimar take, kuma ta girmi yawancin masu yinta. Ted Williams yana ganin karfi daga juya kugu yake fitowa, kuma sanda ta dan taso sama kadan domin kwallon ai daga sama take gangarowa, sannan uwa uba ka jira wacce ta dace kada ka kai wa kowacce duka. Charley Lau shi kuma yace nauyin jiki ya fara daga kafar baya ya koma ta gaba, kai a kasa ido akan kwallo, a watsa ta ko'ina a fili ba sai gefe daya ba, har ma da sakin hannun sama bayan an daka. Williams bai taba boye cewa baya kaunar wannan salon ba. Amma kuma duka bangarorin sun fitar da gwanaye, shine abun.

Da aka saka na'urar Statcast a duka filaye 30 a 2015 sai rigimar ta dawo da sabbin kaya. Yanzu ana auna gudun da kwallo ta bar sanda dashi da kusurwar da ta tashi, aka ga cewa kwallon da ta fita da gudun mil 95 a awa, wato kusan kilomita 153, ko fiye kuma ta tashi a kusurwar digiri 25 zuwa 30 da wani abu itace tafi zama hom ron, sai kowa ya koma daga kwallo sama. A 2019 aka buga hom ron 6,776 wanda ba'a taba yi ba, amma kuma tun 2018 yawan wadanda ake fitarwa da sitirayik uku, wato jifa uku da alkali ya kirga masu basu daka ba, ya haura yawan bugu mai kyau a karon farko a tarihi. Duk da haka ga Luis Arraez dan Benezuwela, yana cikin masu mafi karancin gudun sanda a gasar, hom ron dinsa kadan ne, amma ya lashe kambun bugu shekara uku a jere 2022 da 2023 da 2024 a kulob uku daban daban. Ni dai duk kocin da naji yana da salo guda daya da yake so ya dora wa mutum 13 bana bashi shekara biyu.

Da duk wadannan na'urorin, ba zasu kwace masa aikin ba?

Kara masa aiki suka yi. Akwai dan karamin abu da ake makalawa a gindin sanda yana auna gudunta, akwai kyamarorin Hawk-Eye da suke bin gabobin jiki tun 2020, a 2024 aka fara fitar da gudun sandar kowane dan wasa kowa ya gani, akwai kuma wata na'ura Trajekt Arc da take nuna hoton mai jifan da zaka hadu dashi a tsaye tana jefo maka kwallo irin tashi sak. Har sanda ma an taba, a farkon kakar 2025 Yankees suka buga hom ron 9 a wasa daya da Milwaukee wasu daga cikinsu da sabuwar sanda mai kiba a tsakiya, wacce aka danganta da Aaron Leanhardt, mutumin da yayi digirin digirgir a kimiyyar fizis a MIT kafin ya shigo besbol.

Saidai na'ura zata gaya maka cewa wane yana makara da kiftawar ido, ba zata gaya maka da wace kalma zaka fada masa ba. Wani dan wasan idan ka nuna masa jadawali zai gane, wani kuma kana nuna masa ka gama rikita shi na sati biyu, sai dai kace masa yi kamar zaka buga ta kan mai tsaron tasha ta biyu, jikinsa ya gyara sauran da kansa. Shi yasa yanzu kusan babu kulob mai kocin bugu daya, biyu ne ko uku. San Francisco Giants sun dauki uku a 2020, a 2021 suka ci wasa 107.

Idan dan wasa ya shiga fari ya kasa samun bugu, me kocin yake yi?

Abu na farko shine ya gano ko akwai matsala ma tukuna. Mutum zai iya daka kwallo da kyau sau goma duk ta tafi hannun masu tsaro, wannan rashin sa'a ne, idan ka taba salonsa ka bata abinda yake lafiya. Idan kuma da gaske ne sai a dauko bidiyon lokacin da yake cin kasuwa a jera da na yanzu a ga me ya sauya, hannu ne ya sauka, ko kafa ce take makara, ko kuma ciwo yake boyewa don kada a ajiyeshi a benci, wannan na faruwa sosai. Wannan dabi'a ta kallon kai a bidiyo Tony Gwynn ne ya shahara da ita tun 1983 lokacin matarsa ce take nadar masa wasanni a kaset a gida.

Amma kaso mai yawa na aikin a nan ba na sanda bane. Yaro ya fito sau 20 bai samu ko daya ba, jaridu suna rubutawa, 'yan caca suna zaginsa a waya, ya san akwai wani a Triple-A yana jiran kujerarsa, ga babansa ya kira da shawara, ga wakilinsa da tashi, ga abokin dakinsa. Kocin kirki wani lokacin aikinsa shine ya rage muryoyin nan, ya bashi abu daya tak da zai rike, ko ma yace yau kada ka taba sanda jeka ka huta. Kuma duk wannan baya yiwuwa idan yaron bai yarda dakai ba, kocin da aka gane yana kai gulmar 'yan wasa ofishin manya ya gama aiki ko da ba'a koreshi ba.

Naji ance manyan 'yan wasa suna da nasu kocin na kashin kansu, gaskiya ne?

Gaskiya ne kuma yana cikin abubuwan da suka sauya sana'ar. J.D. Martinez yaje wajen Wallenbrock da Van Scoyoc bayan kakar 2013 ya rushe salonsa ya sake gini, kulob dinsa Houston basu tsaya sun gani ba suka sallameshi a Maris 2014, Detroit suka dauka ya zama daya daga cikin manyan masu bugu na zamaninsa. Justin Turner wajen Doug Latta ya gyaru. Aaron Judge da ya buga hom ron 62 a 2022 ya dade yana aiki da Richard Schenck, wanda ba ma'aikacin Yankees bane.

Toh ka duba matsayin kocin kulob, tauraronsa yana da wani malamin a waje da yake turawa bidiyo kullum da dare, idan abu yayi kyau a yabi na waje idan ya baci a tambayi na ciki. Masu wayo a cikinsu sun daina kishi, suna karbar lambar na wajen suyi magana dashi don kada a rika ja da yaro gefe biyu.

Me yasa kullum su ake fara kora?

Saboda ba'a iya korar 'yan wasa, kwantiraginsu a MLB ko sun buga ko basu buga ba sai an biya. Mota ta lalace a hanya, mai mota ba zai kori kansa ba, direba kuma yana da uwa a gindin murhu, sai a sallami yaron mota. A Mayun 2021 New York Mets suka kori Chili Davis wata daya da fara kaka, lokacin Francisco Lindor da suka baiwa dala miliyan 341 ya kasa tabuka komai, kuma shi Davis din dama Chicago Cubs sun sallameshi bayan kaka daya a 2018. Yankees sun kori Dillon Lawson ana tsakiyar kaka a Yulin 2023 suka dauko Sean Casey daga gidan talabijin, bugun bai wani gyaru ba. Donnie Ecker yana cikin wadanda suka ciwo wa Texas kofinsu na farko a 2023, a Mayun 2025 aka nuna masa kofa.

Abun lura shine kora bata kashe mutum a wannan sana'ar. Yankees sun kori Kevin Long a karshen 2014 duk da yaci kofi dasu a 2009, ya tsallaka Mets suka je World Series a 2015, ya koma Washington suka ci kofi a 2019, ya koma Philadelphia suka je wasan karshe a 2022. Mutum daya, ilimi daya.

Nawa ake biyansu?

Kulob basu cika bayyana albashin masu horarwa ba kamar yanda ake sanin na 'yan wasa. Wanda ya fito fili sosai shine na Rudy Jaramillo da Cubs suka bashi kwantiragin shekara uku akan kusan dala miliyan 2.4 a karshen 2009, kenan wajen dubu 800 a shekara, kuma a lokacin ana lissafa shi a sahun gaba, karshe ma basu bari ya karasa ba suka koreshi a Yunin 2012. Ka hada da cewa mafi karancin albashin dan wasa a MLB a 2024 dala 740,000 ne, Shohei Ohtani kuma ya saka hannu akan miliyan 700, Juan Soto miliyan 765. Kenan sau tari kocin yana gyara wa mutumin da yake samun albashinsa na shekara a cikin 'yan kwanaki. A kananan lig kuwa abun yayi kasa sosai, da yawansu idan kaka ta kare sai sun koma koyar da yaran unguwa a keji ana biyansu da awa. Ga kwantiragin gajere, shekara daya ko biyu, kuma basu da kungiyar kwadago irin ta 'yan wasa.

Mata suna yi?

Suna yi. A Nuwamban 2019 Yankees suka dauki Rachel Balkovec kocin bugu a kananan lig dinsu, a daidai lokacin Cubs suka dauki Rachel Folden. Balkovec ta zama manajan Tampa Tarpons a 2022, a 2024 Miami suka bata shugabancin sashen renon 'yan wasa gaba daya.

A Amurka kawai ake wannan aikin?

A'a, akwai Japan mai kulob 12 a babbar gasarta, akwai Koriya ta Kudu da Taiwan da Meziko da lig din hunturu na kasashen Karebiyan. Kuma labarin koci da dalibi da yafi kowanne dadi a wajena daga Japan yake. Sadaharu Oh na Yomiuri Giants yana da matsalar lokaci a farkon wasansa, sai Hiroshi Arakawa ya karbeshi a 1962 ya koya masa tsayuwa da kafa daya, ya daga ta dama ya tsaya cak har kwallo ta taho, suna atisaye da dare a dakin Arakawa har da takobi da dabarun aikido. Oh ya kare da hom ron 868, babu wanda ya kai haka a wata babbar gasa a duniya.

Ga kuma daya gefen. Ichiro Suzuki yana yaro a Orix manyan kulob din basu son yanda yake lilo da kafarsa kafin ya daka, suka rika mayar dashi karamar kungiya don yaki sauyawa, sai da Akira Ogi ya zama manaja a 1994 ya kyaleshi da salonsa, a shekarar yayi bugu 210, daga baya a Seattle yayi 262 a 2004 wanda har yau shine tarihi.

Daga kocin bugu ina ake zuwa?

Wasu suna zama manaja. Cito Gaston kocin bugu ne a Toronto tun 1982, aka bashi kulob din a 1989, yaci World Series a 1992 da 1993, shine bakar fata na farko da yaci kofin a matsayin manaja. Charlie Manuel ya rike bugun Cleveland a shekarun 1990 sannan yaci kofi da Philadelphia a 2008, abun dariya a 2019 suka sake kiransa ya dawo kocin bugu yana da shekara 75. Don Mattingly ma daga nan ya bi ya rike Dodgers da Marlins. Wasu kuma ofis suke komawa, wasu su bude cibiyarsu inda babu mai korarsu.

Wanda yake Afirka zai iya kaiwa can?

Hanyar tana da nisa domin aikin a cikin wasan ake koyonsa, kuma wasan bai yi karfi a nahiyar ba, duk da an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Inda aka fi ganin motsi shine Afirka ta Kudu da Yuganda. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu shine haifaffen nahiyar na farko da ya buga a MLB, da Pittsburgh a Afrilun 2017, ya samu bugu a fitowarsa ta farko, bayan ya ajiye wasa ya shiga aikin koci a kananan kungiyoyin Arizona Diamondbacks. Yaran Yuganda sun je gasar yara ta duniya a Amurka a 2012, kuma Dodgers suna da makarantar besbol a kasar. Wanda yake da sha'awa daga nan abinda yake hannunsa yau shine alkaluman Statcast da MLB ta saka kyauta a shafin Baseball Savant, da bidiyon kowane jifa da kowane duka, sai Turanci da Sifaniyanci, sai kuma ya nemi inda yara suke bugawa ya fara dora masu kwallo.